Tsofaffin kaburbura a ƙarshen gonata a Virginia: yaya zan gano su wane ne?

Tambaya: Ina zaune a jihar Virginia ta Amurka. Bara na sayi fili a karkara, tsohuwar gona ce da aka daɗe ba a noma ba. A ƙarshenta, cikin itatuwa, na tarar da kaburbura: duwatsu uku masu rubutu, sauran kuma duwatsun daji ne a kakkafe. Wanda ya sayar mini bai san komai a kansu ba. Ina so in san su wane ne, kuma ko suna da dangi a raye. Daga ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah Ya saka maka da alheri da wannan niyya. Da yawa in sun sayi fili suka tarar da irin wannan, kawar da kai suke yi, su bar kurmi ya ƙarasa cinye wurin. Abin da zan fi nanata maka shi ne ka bi tarihin filin kafin ka bi sunayen da ke kan duwatsun. Duwatsu uku mutum uku za su ba ka. Takardun filin kuwa su za su nuna maka waɗanda suka zauna a gonar, suka yi mata aiki, suka mutu a cikinta, kuma a irin waɗannan makabartu, kaburbura marasa suna sun fi masu suna yawa nesa ba kusa ba.

Bari in fara da dalilin da ya sa kaburbura suke cikin gona. Tun zamanin da Virginia take ƙarƙashin Ingila, mutanenta ba su cika zama a gari ɗaya ba. Gonakin taba ne warwatse, coci na iya yin nisan mil da yawa, hanya laka ce, gawa kuma ba ta jira a lokacin zafi. Saboda haka kowane gida ya keɓe ɗan tudu kusa da mazauninsa yana binne nasa. An ci gaba da haka har farkon ƙarni na 20, lokacin da tituna da motoci da kamfanonin shirya jana'iza suka mayar da binnewa makabartun coci da na gari. Su kuma iyalan sun watse. A ƙarni na 19 da yawa sun yi yamma, Kentucky da Ohio da Missouri. Daga wajen 1910 zuwa 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka bar jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma. Wasu ma gwamnati ce ta tashe su: da aka kafa gandun daji na Shenandoah a 1935 an fitar da ɗaruruwan iyalai daga tsaunuka, kuma har yau akwai makabartu fiye da 100 a cikinsa. Don haka kada ka yi mamaki idan jikokin mutanen gonarka suna Philadelphia ko Baltimore, ba su taɓa jin sunan ƙauyen ba.

Kafin ka nemi ko takarda ɗaya, akwai aikin da za ka yi a wurin, kuma rabin aikin shi ne kame hannu. Kada ka ɗaga dutse, kada ka miƙar da wanda ya faɗi, kada ka jera su don su yi kyau, kada ka shigar da tarakta ko injin yankan ciyawa. Inda dutse yake kwance shaida ne, da zarar ka gusar da shi ka shafe ta. Dokar jihar ma tana kansu: tone kabari ko lalata alamarsa babban laifi ne, ɗauke makabarta daga wuri kuma sai da izinin kotu. Sashe na 57-27.1 na dokokin Virginia ya wajabta wa mai fili ya bar zuriyar mamatan da masu binciken asali su shigo ziyara bayan sun sanar da shi, shi kuma yana da ikon tsara lokaci da hanyar da za a bi. Wannan nauyi yanzu yana wuyanka, gara ka sani tun da wuri.

Lokacin da ya fi dacewa da duba wurin shi ne ƙarshen hunturu, watan Fabrairu ko farkon Maris, ganye ya zube, ciyawa ta kwanta, macizai da kaska ba su fito sosai ba. Ka je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana take karkace. Mu da muka taso inda ba a cika rubuta suna a kabari ba, idonmu ya saba gane kushewa daga yadda ƙasa take, kuma wannan idon zai yi maka amfani a nan. Idan akwatin gawa ya ruɓe ƙasa takan lotsa, sai ka ga ɗan kwari mai tsawo kamar ƙafa shida, ganye ya taru a cikinsa fiye da gefensa. In an yi dusar ƙanƙara kaɗan ta fara narkewa, kwaruruwan nan sukan fito a jere kamar an zana su. Kusan duka za ka same su gabas da yamma, kai a yamma, ƙafa a gabas, bisa al'adar Kirista. Duwatsun dajin da ka gani galibi bibbiyu suke, ɗaya a kai, ƙarami a ƙafa. Ka auna tsakaninsu: ƙafa biyar zuwa shida babba ne, ƙafa biyu ko uku jariri ne. Ka lura da tsirrai kuma. Akwai wata ciyawa mai yaɗo da suke kira periwinkle, ganyenta kore shar ko da hunturu, furenta shuɗi, wadda mutanen da suke shukawa a kan kaburbura. Ita da tsofaffin itatuwan da suke kira cedar sukan nuna maka faɗin makabartar fiye da yadda duwatsu za su nuna.

Ka zana taswirar wurin a takarda, ka ba kowane kabari lamba, har da waɗanda kake shakka. Ka ɗauki hoton kowanne, ka ajiye lambobin wurin daga wayarka. Ka kuma zagaya bayan shinge ko katangar dutse idan akwai, ka yi tafiya kamar taku talatin ta kowane gefe. Zan dawo kan dalilin wannan.

Wajen karanta duwatsu ukun, kada ka goga alli, ko gari, ko kumfar aski, ko bilic, kada kuma ka kusanto da burushin ƙarfe. Duk waɗannan suna cin dutse, musamman farin marmara da dama ruwan sama ya riga ya lallasa. Madubi za ka ɗauka ka karkato hasken rana ta gefe, ko tocila mai ƙarfi da magariba. Haruffan da ka ɗauka sun shafe sai ka ga inuwa ta fito da su. Idan gansakuka ta rufe rubutun, ruwa zalla da burushi mai laushi sun isa, in dutsen ba ya ɓarewa. Ka kwafe abin da ke jiki harafi da harafi, har da kuskuren rubutu, inda ba ka gane ba ka bar gurbi, kada ka cike da zato. Sau da yawa ba a rubuta ranar haihuwa, sai ranar rasuwa da shekaru. A misali, in aka ce ya rasu ran 3 ga Maris 1871 yana da shekara 62 da wata 4 da kwana 11, lissafi zai kai ka wajen 23 ga Oktoba 1808. A dutsen mace, kalmar consort tana nuna mijinta yana raye lokacin da ta rasu, relict kuma tana nuna shi ya riga ta. Ƙaramin dutse mai haruffa biyu ko uku kawai yawanci dutsen ƙafa ne na babban da ke kusa, mutane da yawa kan ƙirga shi a matsayin kabarin yaro su ƙara mutum ɗaya da bai taɓa rayuwa ba. Sannan ka sa a ranka cewa dutse ma yana kuskure. Wani 'ya'ya ne suka kafa shi bayan shekara ashirin da rasuwar uban, da abin da suka iya tunawa.

Yanzu ga babban aikin. Ka ɗauko takardar cinikin filinka. A cikinta akwai jimlar da ke cewa wannan shi ne filin da wane ya sayar wa wane, an rubuta a littafi mai lamba kaza, shafi kaza. Wannan littafi yana ofishin magatakardan kotu na gundumarku, wato abin da ya yi daidai da ƙaramar hukuma, kuma kowa na iya shiga ya duba. Ka buɗe shi, za ka ga shi ma ya ambaci wanda ya gabace shi. Haka za ka riƙa ja da baya, takarda bayan takarda. Inda aka daina ambata, akwai littattafan jerin sunayen masu sayarwa da na masu saye, sai ka nemi mutumin a can. Ka yi jadawali: shekara, mai sayarwa, mai saye, yawan eka, sunayen maƙwabta, lambar littafi da shafi. Kada ka raina sunayen maƙwabta. A Virginia ana kwatanta iyaka da bishiya da rafi da layin gonar wane, kuma gidan wanen nan sau da yawa nan ne aka auro matar da ke kwance a gonarka.

Abin da kake farauta a cikin takardun shi ne ranar da iyalin suka rabu da filin. A wannan takardar ne sau da yawa za ka ga an rubuta cewa an sayar da gonar duka ban da rubu'in eka ko rabin eka inda makabartar iyali take, tare da haƙƙin shiga da fita. Wannan jimla tana gaya maka iyalin da suka ɗauki makabartar tasu ce, da girmanta, kuma tana iya nufin cewa wannan yankin bai shiga cikin abin da ka saya ba. Lauyoyin baya sukan manta su maimaita ta a takardun da suka biyo, shi ya sa wanda ya sayar maka bai sani ba. In ka same ta, ka kai wa lauyan filaye ya duba maka.

Ka tuna kuma filinka mai yiwuwa yanki ne na gona mai eka ɗari huɗu ko biyar da aka yi ta yankawa. Kangon gidan, wato tarin duwatsun murhu da ramin ɗakin ƙasa kusa da wani marmaro, yana iya kasancewa a gonar maƙwabcinka.

Za ka zo inda zaren zai tsinke: wane ya sayar, amma babu takardar da ta nuna ya saya. Kusan kullum gado ne. Sai ka koma littattafan wasiyya da na rabon gado a ofishi ɗaya. Idan mutumin ya mutu bai bar wasiyya ba, ko magada suka saɓa, maganar takan je kotun da ke duba irin waɗannan ƙararraki, kuma a ganina babu takardun da suka kai na wannan kotu amfani ga mai aiki irin naka. Don a raba fili sai an lissafa kowane magaji: 'ya'ya maza, 'ya'ya mata da sunayen mazajensu, jikokin da iyayensu suka rasu, da jihar da kowa ya koma. A ciki akwai bayanan shaidu da bakinsu, da zanen safiyo wanda wani lokaci yake nuna makabartar da ɗan akwati. Babban ɗakin karatu na jihar da ke Richmond ya ɗauki hoton da yawa daga cikinsu ya sa a intanet kyauta, ana nema da sunan iyali da gunduma.

Mata su ne suka fi wuyar samu, don sunan gidansu yana canzawa da aure, kuma kafin dokar 1877 matar aure a Virginia ba ta da cikakken iko da dukiyarta. Amma akwai ƙofa ɗaya. A wancan zamani matar da mijinta ya mutu tana da haƙƙin cin moriyar sulusin filinsa muddin ranta, saboda haka in miji zai sayar da fili sai matar ta sa hannu ta yafe wannan haƙƙi. Sunanta zai fito a takardar. Idan a 1840 sunan wata ya fito, a 1848 na wata daban, to ta farkon ta rasu a tsakani, kuma akwai alamar tana cikin kaburburan da ka ƙirga.

Abu biyu na iya ɓatar da kai. Na farko, iyakokin gundumomi sun sha canzawa. An yanki Rappahannock daga Culpeper a 1833, an yanki Greene daga Orange a 1838. Fili bai motsa ba, amma takardunsa na kafin yankan suna tsohuwar gundumar. Na biyu gobara. Kotun Buckingham ta ƙone a 1869, ta King William a 1885, ta Appomattox a 1892, kuma wasu gundumomi kamar Hanover sun kai takardunsu Richmond don tsaro lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin kudu da arewa, suka ƙone a can a Afrilun 1865. Idan gundumarka na cikin irin waɗannan, littattafan harajin fili ne za su cece ka. An fara su a 1782, ana yi shekara-shekara, kuma ana aika kwafi babban birnin jihar. Shekarar da ka ga an daina rubuta sunan mutum shi kaɗai, an koma rubuta filin a matsayin gadonsa, ka san wajen nan ya rasu.

Da jerin masu filin a hannunka, sai ka shiga ƙidayar jama'a. Amurka tana yin ta duk shekara goma tun 1790, amma kafin 1850 sunan maigida kawai ake rubutawa. Ta 1850 ce ta fara kawo sunan kowane ɗa mai 'yanci da shekarunsa, ta 1880 ta ƙara dangantakar kowa da maigida. Ta 1890 kusan duka ta salwanta sakamakon gobarar 1921 a Washington, saboda haka akwai gurbin shekara ashirin. Ana sakin kowace bayan shekara 72, ta 1950 ce ta ƙarshe da ta fito, a 2022. Shafin intanet na binciken asali mai suna FamilySearch na ba da su kyauta. Hanyar aiki ita ce ka jera gidan daga ƙidaya zuwa ƙidaya ka ga wanda ya ɓace. Yarinya mai shekara biyu a 1850 da babu ita a 1860 ba aure ta yi ba. Ƙidayar 1900 da ta 1910 sun tambayi kowace uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ne a raye. In ka ga tara da biyar, ka koma taswirarka ka duba ƙananan kaburburan. Daga 1850 zuwa 1880 kuma akwai wani jeri na daban na waɗanda suka mutu a wata goma sha biyun da suka gabaci ƙidayar, da cutar da ta kashe su. Ka riƙa karanta gidajen da ke sama da ƙasa da naka a shafin, don mai ƙidaya bin hanya yake yi gida-gida, kuma 'yan haya da 'yan ƙwadago da ke zaune a gonar, waɗanda ba za su taɓa fitowa a takardar fili ba, a nan ake ganinsu.

Jihar ta yi rajistar haihuwa da mutuwa daga 1853 zuwa 1896, ta dakata, ta sake farawa a 1912. Takardun shaidar mutuwa na bayan 1912 suna da gurbin inda aka binne mutum da sunan wanda ya yi jana'izar. Idan aka rubuta makabartar iyali ko gida, kuma ƙidaya ta nuna mutumin a gonarka yake, ka samu hujja mai ƙarfi.

Na ce ka zagaya bayan shinge. Dalilin shi ne bayi. A 1860 Virginia tana da bayi kusan 490,000, fiye da kowace jiha, kuma a gundumomi da dama na tsakiyar jihar sun kai rabin jama'a ko sun fi. Idan mai gonarka yana da bayi, an binne su a wani wuri a gonar: ko a bayan katangar makabartar iyayen gidansu, ko a wani gefe daban, kan gangare ko bakin kurmi inda ba a noma. Alamarsu dutsen daji ne, ko katako da ya riga ya ruɓe. Amma kada ka yanke cewa duk dutsen daji na bawa ne, talakawan Turawa ma da shi suke yi, har masu hali kafin sassaƙaƙƙen dutse ya yi araha. Takardu ne za su raba gardama.

Nan aikin yake da nauyi a zuciya, don za ka nemi mutane a cikin jerin dukiya. Ƙidayar bayi ta 1850 da 1860 ba ta kawo suna ba, sai sunan mai su, da shekaru da jinsi da launin kowanne. Sunayen suna cikin lissafin kayan mamaci, inda za ka ga sunan mace da ɗanta da farashinsu a shafi ɗaya da dawakai da kayan ɗaki, da kuma cikin wasiyya da takardun jingina da shari'un gado. Ka rubuta kowane suna da shekara, ka bi shi: wa ya gaje shi, ina aka kai shi. Rajistar mutuwa ta 1853 zuwa 1865 tana da daraja ta musamman, don ta rubuta bawa da sunansa, da sunan mai shi, da sanadin mutuwa, sau da yawa har da sunan uwa. Wanda aka rubuta ya mutu yana hannun mai gonarka, a shekarun da mai gonar yake zaune a nan, shi ne mafi kusa da zama ɗaya daga cikin kaburburan. Wanda ya ɓace daga takardu ba tare da an rubuta mutuwarsa ba, kada ka binne shi da alƙalami. Virginia ta sayar da dubban mutane zuwa gonakin auduga na can kudu ta kasuwannin Richmond da Alexandria.

Bayan 'yanci a 1865 sunayen mahaifi suka fara bayyana. Dokar jihar ta 27 ga Fabrairun 1866 ta amince da auren tsofaffin bayi, aka yi rajistar ma'aurata da shekarunsu, da inda aka haife su, da sunan wanda ya mallake su na ƙarshe, da 'ya'yansu. Ba kowace gunduma ce tata ta tsira ba, amma inda ta tsira ita ce gadar da ke haɗa sunan da ka gani a lissafin kaya da iyalin da za ka gani a ƙidayar 1870, wadda ita ce ta farko da ta rubuta su da sunayensu. Hukumar kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, ta bar takardun kwantiragin aiki da ƙorafe-ƙorafe. Kada ka ɗauka kowa sunan tsohon ubangidansa ya ɗauka, da yawa ba haka suka yi ba. Da yawa kuma sun ci gaba da zama kusa da gonar, suna binne nasu a wuri ɗaya har cikin ƙarni na 20.

Taswira da hotuna za su taimaka ka tabbatar da wuri. Injiniyoyin sojan kudu a yaƙin basasa sun zana taswirar gundumomi da dama a 1863 da 1864 da sunayen masu gidaje. Tsofaffin taswirorin hukumar safiyon ƙasa ta Amurka suna intanet kyauta, wasu sun nuna makabartu. Ma'aikatar gona ta ɗauki hotunan sama tun ƙarshen shekarun 1930, a cikinsu makabarta takan fito kamar tsibirin itatuwa a tsakiyar gonar da aka nome. A shekarun 1930 ɗin ne kuma gwamnati ta ɗauki marasa aiki suka zagaya Virginia suna rubuta tsofaffin gidaje da makabartu, rahotanninsu suna ɗakin karatun Richmond. Mai yiwuwa wani ya kwafe dutse na huɗu da na biyar a lokacin, kafin su nutse ko a ɗauke su. Idan a cikin mutanen akwai soja, takardun fanshonsa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa sukan ƙunshi ranar aure da ranar mutuwa da sunayen 'ya'ya.

Game da Find a Grave, shafin intanet da ake jera kaburbura, da jerin zuriya da mutane ke sawa a intanet, ka duba su, amma ka ɗauke su a matsayin ji-ta-ji-ta har sai ka ga takarda. 'Yan sa-kai ne ke cikawa, wasu da kulawa, wasu suna sa mutum a makabarta don kawai matarsa tana can. Iyalan nan kuma suna maimaita suna ƙwarai, a gunduma ɗaya za ka iya samun 'yan'uwa uku masu suna ɗaya da shekaru kusa da juna. Na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da tono ba tana iya nuna yawan kaburbura da iyakarsu, amma tana da tsada, jar lakar tsakiyar Virginia tana rage mata gani, kuma suna ba ta bayarwa. Ba na ba ka shawarar ta sai in za ka yi gini ko shinge kusa da wurin.

Kada ka jira ka gama da takardu kafin ka nemi mutane, don tsofaffi ba sa jiran mai bincike. Ka gaisa da maƙwabta mafi daɗewa, da mafarauta, da safiyon yankin, ka je ƙungiyar tarihi ta gundumar. Ka je cocin da ya fi kusa, na Turawa da na baƙaƙen fata duka, don a karkarar kudu daban suke, kuma abin da ɗaya ya sani ɗayan bai sani ba. Cocin baƙaƙe da yawa suna da ranar da 'yan asalin ƙauye ke dawowa gida duk shekara, galibi da bazara, nan ne za ka haɗu da na Philadelphia ɗin. Tsofaffin kamfanonin jana'iza ma suna ajiye littattafansu. In ka gano wani daga zuriyar, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa: ga ni, ga abin da na samu a filina, ƙofa a buɗe take. Kada ka matsa. Wani zai zo da hawaye da tsohon Baibul na gida mai sunayen kakanni a bangonsa, wani ba zai amsa ba, wani kuma labarin da ka tono, musamman na bauta, zai yi masa zafi, ya buƙaci lokaci.

A abin da za ka rubuta, ka kasa mutanen gida uku: waɗanda dutse ko takarda ta tabbatar suna nan, waɗanda hujja ta nuna kusan suna nan, da waɗanda kawai suka rayu a gonar. Mai yiwuwa ba za ka taɓa iya cewa kabari mai lamba 14 na wance ne ba, amma za ka iya cewa wance tana cikin waɗannan. Ka sa madogarar kowace magana kusa da ita, littafi da shafi. Ka ba ƙungiyar tarihi kwafi, ka kuma sanar da sashen kula da kayan tarihi na jihar Virginia, suna da fom ɗin da jama'a ke cikawa don a shigar da makabarta cikin kundinsu, wanda ake dubawa kafin manyan ayyuka irin na titi. Daga nan ka sa safiyo ya auna iyakar makabartar, har da kaburburan bayan shinge, ya sa ta a zanen filin, a yi rajistar zanen a ofishin magatakarda, yadda duk wanda zai sayi filin bayanka zai tarar da ita a takarda.